Wa Ke Zama a Baya?

Ranar da Auta ta fara ganinsa, ba fuskarsa ta fara kallo ba, tafiyarsa ce ta ɗauke mata hankali. Wani dogon saurayi ne ya tsayar da babur a ƙofar shagonsu, ya sauko a hankali kamar mai ƙwai a aljihu, ya dafe ƙugu da hannu bibbiyu, ya nufo su ƙafafu a wawware, tafiyar agwagwa sak.

"Ikon Allah," in ji Auta a zuci, ƙafarta na kan keken ɗinki. "Wannan da ƙuruciyarsa, wa ya tsofar da shi haka?"

Shagon na mahaifinta ne, wanda duk layin ke kira Baba Mai Kujera, don tun kafin a haife ta sana'arsa ke nan, gyaran kujerun babur. In ka shiga, soso ne jibge har rufi, ga naɗe-naɗen leda baƙa da ja a jingine, ga warin gam da ke bin mutum har gida. Yayyen Auta duk mata ne, sun yi aure sun bar gida, ita kaɗai ta rage, kuma a gindin teburin nan ta yi rarrafe. Ɗinkin rigar kujera kam tuni Baba ya sakar mata. Amma wuƙar yanka soso, wata doguwa da ƙotarta ta yi baƙi don tsufa, ko ƙuda bai yarda ya sauka a kanta ba.

"Sannu, Dogo," in ji Baba, don shi kowa ya shigo sai ya raɗa masa suna. "Haɗari ka yi?"

"Ina ma haɗari ne, Baba, da an tausaya mini. Kujera ce."

Ya yi bayani yana cije leɓe. Shi mai gyaran famfunan ruwa ne a ƙauyukan nesa. Da sassafe yake fita, sai rana ta yi sanyi yake dawowa, hanya kuwa duk rami da tsakuwa. Babu dabarar da bai yi ba. Ya naɗa tawul, ya zame. Ya shimfiɗa fatar tunkiya, ta dafa shi. Ya hura ƙaramin tiyub na taya ya zauna a kai, ya fashe a tsakiyar kasuwa, mutane suka watse da gudu.

"Har filon Ummata na sata na ɗaure da roba," in ji shi. "Yanzu ga ciwon baya, ga fushin uwa."

Dariya ta ƙwace wa Auta. Ya waiwayo. Idonsu ya haɗu, sai ga ɗinkin da ta saba yi ido rufe ya saki layi ya nufi daji. Ta yi maza ta sunkuyar da kai, kunnuwanta na zafi.

Baba yana da ƙa'idarsa, kuma bai taɓa karya ta don kowa ba. Ba ya yanka soso da ka. Sai ya ɗora ɗanyen soso, wanda wuƙa ba ta taɓa ba, a kan babur, mai shi ya hau ya riƙe kan babur kamar yana tafiya, shi kuma ya zagaya da alli yana zana inda nauyi ya sauka. Haka ya yi wa Dogo. Da ya gama sai ya yi tambayar da yake yi wa kowa.

"Wa ke zama a baya? In akwai, ka kawo shi in auna. Ba na yanka wurin wanda ban gani ba."

"Babu kowa, Baba. Daga ni sai akwatin kayan aiki."

Me ya sa ya kalli lungun keken ɗinki da zai faɗi haka, oho. Me ya sa kuma Auta ta ji wani sanyi a ranta, wannan ma oho.

Bayan ya bar kujerar ya tafi, Baba ya ɗauki wuƙa, sai ta suɓuce ta faɗi. Sanyin ƙashi ne ya kumbura masa wuyan hannu tun safe yana ɓoyewa. Ya daɗe yana kallon hannun. Can sai ya miƙa wa Auta wuƙar, ƙota gaba.

Auta ta yi sororo, baki buɗe.

"Karɓi mana, ko sai na canza ra'ayi?"

Ta sa hannu biyu ta karɓa. Dama ta daɗe da wani tunani a ranta. Duk tsohuwar kujerar da ta feɗe, takan ga soso mai laushi ya lotse har mutum yana zaune a kan ƙarfe bai sani ba. Don haka ta sa mai tauri a ƙasa, ta shimfiɗa siririn mai laushi a sama, ta faɗaɗa wurin zama, ta ɗan fafe tsakiya don kada ƙashin ƙarshen baya ya riƙa dukan kujera.

"Wannan wace irin bidi'a ce?" in ji Baba. "Kujera ai laushi ce. Ke kin yi wa mutum benci."

"Baba, tafiyar nesa ba laushi take so ba, tallafi take so."

Ya yi ƙwafa. "To ki ji da kyau. Tun da na buɗe shagon nan, kujerata ba ta taɓa dawowa ba. In wannan ta dawo, kin riƙe wuƙa na farko kuma na ƙarshe."

Dogo ya zo ya karɓi kujerarsa, bai san hannun wa ya yanka ba, ba kuma wanda ya gaya masa. Kwanaki suka shuɗe shiru. A wannan sana'ar kuwa shiru shi ne yabo. Auta har ta fara waƙa a kan keke, Baba har ya fara barin wuƙar a kan tebur ba tare da ya kulle ta ba.

Sai wata ranar da hantsi, ta ɗaga kai, ta hango Dogo yana tsallako titi da kujera a kafaɗa.

Innalillahi! Ƙafarta ta tsaya cak a kan keke. Baba kuwa kofin shayinsa ya tsaya a hanya, bai kai baki ba, bai koma tebur ba.

"Lafiya?" in ji Baba.

"Lafiya lau, Baba. Dama... tana ɗan yi mini ciwo ne."

"Ina?"

"Nan." Ya nuna hagu. "A'a, nan." Ya nuna dama. Idonsa kuwa ba ya hagu ba ya dama, yana lungun keke.

Baba ya ɗauki wuƙar, ya jefa a aljihun tebur, ya murɗa makulli. Ƙarar makullin nan har cikin ƙirjin Auta. Ta tashi ta shige ɗakin baya kamar za ta ɗauko zare, ta cusa fuska a cikin soso ta yi kukanta, don soso ba ya tona asiri.

Baba da kansa, da kumburarren hannunsa, ya ɓamɓare aikinta ya zuba laushi zalla. Ba a jima ba kujera ta sake dawowa, wannan karon Dogo ya koma tafiyar agwagwa. Baba ya ƙara soso. Ta sake dawowa, ya sake ƙarawa, har kujera ta yi tozo kamar bayan raƙumi, in Dogo ya hau sai ka ce zai leƙa bayan katanga.

A tsallaken titi akwai shagon kayan gyaran babur, kuma ɗan mai shagon, wanda ake kira Ɗan Gayu saboda ko famfo zai je sai ya fesa turare, ya daɗe yana neman Auta tana zillewa. Kujerun kanti yake sayarwa, masu sheƙi a cikin leda. Ganin kujera na zarya sai ya samu abin yi. Duk mai babur ɗin da ya tsaya sai ya ja shi gefe.

"Ka ga dogon can? Kujera ɗaya ta hana shi zama ta hana shi tsayuwa. Hannun tsoho ya gaji, sai dai ba a faɗa."

Magana kuwa ba ta da birki. Sannu a hankali masu babur suka daina tsayawa. Baba ya rame, ya daina ba'ar da ya saba, yakan zauna ya yi ta juya hannunsa yana kallo kamar na wani.

Ana cikin haka ne fa wata hanyar ta buɗe. Wayar shago a hannun Auta take, lambar kuma tana jikin allon ƙofar shago. Saƙon farko na aiki ne.

"Salam. Mai kujerar nan ne da ta ƙi jin magana. An gama?"

"Ba a gama ba. Kujera kam tana jin magana, sai dai ko mai ita."

"Na karɓi laifi. A gaida mai keken da ke sakin layi."

Ta yi niyyar share shi. Amma tana ganin aikinta ne ya fara cutar da shi, sai tausayi ya hana ta. Tausayi kuwa, kun sani, ƙofar baya ce, ta nan so ke shigowa ba sallama. Yau ya turo hoton yara suna tsalle a gaban famfon da ya gyara. Gobe ya turo na akuyar da ta cinye masa safar hannu. Jibi ta tsinci kanta tana duba waya kafin ta yi ƙara.

"Matafiyi, ka isa lafiya? Yaya bayan?"

"Baya yana kuka, zuciya tana dariya. Sarauniyar Zare, kin ci abinci?"

"Ka daina kirana haka, Baba yana kusa."

"To Hasken Lungu."

"Wannan ma ya fi muni."

"To ki zaɓa da kanki, ni dai ba zan iya kiranki yadda kowa ke kira ba."

Sau da yawa ta so ta gaya masa ita ce ta yi yankan farko, amma kunya ta hana. Wace yarinya ce za ta ce wa wanda take so, ni ce na karya maka baya?

Wata ranar da la'asar saƙon ya zo da tsawo.

"Sarauniyata, na gaji da yi wa akwati hira a hanya. Duk ramin da na faɗa sunanki nake kira. Ina sonki, so na aure, ba na wasa ba. In kin amince, gobe da yamma zan zo in gaida Baba, ba da kujera a kafaɗa ba."

Ta karanta, ta sake karantawa, ta kifa wayar a cinya, ta ɗauka ta sake dubawa ko saƙon ya gudu. Sannan ta rubuta:

"Allah ya kawo ka lafiya, Matafiyina. Ka sa riga mai kyau, Baba ba ya son ƙazanta."

Washegari da rana, tana ta satar kallon titi, sai ga wani gajeren mutum mai tumbi da fara'a ya faka babur ya shigo da sallama.

"Nan ne wurin Baba Mai Kujera? Alhamdu lillahi! Ni abokin aikin dogon nan ne mai gyaran famfo. Baba, irin kujerarsa nake so."

Baba ya haɗe rai. "Ba'a ka zo yi mini?"

"Wace ba'a? Ba wannan tozon na yanzu ba, ta farkon! Wallahi ranar da ya fara hawanta ya hana mu sakat a wurin aiki. Cewa ya yi ya wuni a hanya kamar yana zaune a cinyar uwarsa. Ni ma na ara na je ƙauye na dawo, ko miƙa ban yi ba. Sai kawai muka ga ya kwance ta ya saɓa a kafaɗa. Na ce kai lafiyarka? Ya ce in kujera ta yi daɗi, da wane dalili zai koma shagon? Wai akwai abin da ya gani a lungu." Ya ƙyalƙyale da dariya, ya waiga lungun, ya ga Auta, dariyar ta maƙale. "Au. To. Ashe... Baba, ko in dawo gobe?"

Tirƙashi!

Almakashi ya zame daga hannun Auta ya faɗi. Baba ya lalubi benci ya zauna daɓas. Umma, mahaifiyar Auta, da ta kawo musu abincin rana tana tsaye a ƙofar baya, ta dafe ƙirji da kwano a hannu tana salati. Gajeren nan ya ja da baya ya fice, ko babur ɗinsa bai tayar ba, turawa ya yi.

Da yamma sai ga Dogo, riga sabuwa dal, an sha aski, yana ɗingishi yana murmushi. Ya durƙusa da ƙyar.

"Baba, barka da yamma. Dama na zo ne..."

"Kujerar farko," in ji Baba, murya ƙasa-ƙasa. "Ina take maka ciwo? Hagu ko dama?"

Murmushin ya bushe a fuskar Dogo. Ya kalli Baba, ya kalli Auta, ya sunkuyar da kai.

"Ba ta taɓa yi mini ciwo ba, Baba. Ƙarya na yi. Na rasa hanyar dawowa ne. Na ɗauka za ka ɗan taɓa ta ka ba ni, shi ke nan. Da ka canza ta kuma, sai ciwon ya zama gaske, kunya ta hana ni cewa a mayar da ta da."

"Shi ke nan? Ka ce shi ke nan?" Baba ya miƙe tsaye. "Sunan da na gina tun ba a haife ka ba, ka saɓa shi a kafaɗa kana yawo da shi a titi! Ka sa na zargi hannuna. Ka sa na ƙwace wuƙa a hannun 'yata, na farfasa aikinta na farko da hannuna!"

Dogo ya ɗago a firgice. "Aikin wa?"

"Nawa," in ji Auta. Muryarta ba ta yi rawa ba, hawayen ne kawai suka ƙi jin magana. "Ni na yanka. Tun ina ƙarama nake jiran ranar da Baba zai ba ni wuƙar nan. Ya ba ni, na yi daidai, ka zo ka ce ban iya ba. Kullum in na tambaye ka yaya bayan, da nauyin laifi nake tambaya. Ashe kai kana can kana dariya."

"Wallahi ban sani ba! Sarauni..."

"Kada ka ƙarasa."

"Tashi ka fita," in ji Baba. "Wanda ya yi ƙarya a kan soso, me zai hana shi yi a kan aure? Ba ni da 'yar da zan ba ka."

Dogo ya fita kamar wanda aka yi wa duka. Ɗan Gayu na tsaye a tsallake yana gyara wuyan riga.

Saƙonni suka yi ta shigowa, Auta ba ta amsa ba.

"Na cuce ki, na cuci Baba. Ban da bakin kare kaina."

"Ko ba za ki aure ni ba, ki gaya mini yadda zan gyara."

Sau ɗaya tak ta mayar masa.

"Famfo kake gyarawa. Suna ba famfo ba ne."

Da safe ta tarar da wuƙar a kan kekenta, ƙota na kallonta. Baba ya juya baya yana ta kakkaɓe sosan da ba shi da ƙura. Irin ban haƙurin iyaye maza ke nan. Amma ina amfanin wuƙa ba abin yankawa? Shago ya zama kufai, sai ƙudaje.

Mahaifin Ɗan Gayu ya tsallako da maganar ɗansa, har da cewa in an zama ɗaya Baba ya huta, a cika shagon da kujerun kanti. Baba ya ce zai tambayi yarinya. Da ya tambaye ta, ta ce, "Baba, in turare nake so, na san inda ake sayarwa." Baba ya ɓoye murmushi, bai sake tayar da zancen ba.

Umma ce ta ritsa ta tana ninke leda.

"Auta, kin daina cin abinci, kin daina waƙa. Fushi kike ko kewa?"

"Fushi, Umma."

"To mai fushi ne ke kwana da waya a ƙarƙashin filo? Yaron nan ya yi wauta, babu musu. Amma ki duba, wauta ce irin ta wanda so ya ruɗa, ba ta mugu ba. Mugu ba ya hawa tozon raƙumi wata da watanni yana murmushi."

"Ya ɓata sunan Baba."

"To mu zuba ido mu ga ko ya san hanyar wanki."

Ba a daɗe ba, wata safiya suna buɗe shago, sai suka ji ruri kamar hadari ya taso. Auta ta leƙa, ta ja da baya, ta sake leƙawa.

"Baba! Baba, zo ka gani!"

Babura ne, layi guda tun daga ƙofarsu har kwanar titi. Masu ɗaukar fasinja, masu kai saƙo, masu kai madara, malaman makarantun ƙauye, ga gajeren nan a sahun gaba yana washe baki.

Baba ya riƙe ƙofa. "Lafiya? Wani ne ya rasu?"

"Yankan Auta muke so!" in ji wani daga baya.

"Mai tauri a ƙasa, mai laushi a sama!" in ji wani.

Gajeren ya matso. "Baba, dogon nan ne. Ya ɗauki hutu a wurin aiki, babu tashar masu babur da bai je ba. Sai ya hau kan benci ya ce, jama'a ku kalle ni, ni ne maƙaryacin da ya ɓata sunan Baba Mai Kujera saboda son 'yarsa. An yi masa dariya, an yi masa ihu, wani tsoho har ranƙwashi ya kai masa. Bai fasa ba. Ni kuma ina gefe ina shaida, don na hau kujerar da mazaunaina."

Auta ta toshe baki da hannu. Wannan mutumin mai kunyar tsiya, da ko ina sonki sai da ya ɓuya a bayan waya, shi ne ya hau benci a tasha?

Baba ya daɗe yana kallon layin. Sannan ya ɗauki alli, ya juyo.

"Me kike jira? Ni awo, ke yanka."

Ranar nan soso ya ga ta kansa. Baba na zanawa, Auta na yankawa, Umma ta ɗaure ɗankwali ta hau keke, abin da ta rabu da yi tun Auta na goye. Waɗanda ba a kai kansu ba aka ce su dawo. Har wasu da suka sayi na kanti suka tsallako da su a hannu, wai da rana ta yi zafi sai su ji kamar a kan tanda suke. Ɗan Gayu ya shige can cikin shagonsu, ƙamshinsa kawai ake ji.

Tun da hantsi Auta ta hango shi. Yana can ƙarshen layi a kan tozonsa, duk wanda ya zo bayansa sai ya ce ya wuce gaba. Rana ta dake shi, bai nemi inuwa ba. Ta yi kamar ba ta gani ba, amma sau biyu ta kusa yanke yatsa.

Sai da rana ta yi ja, layi ya ƙare, sannan ya turo babur ɗin. Saukowa ma sai da gajeren ya tallafe shi.

"Har yanzu wannan abin kake hawa?" in ji Baba. "Ga na kanti can a tsallake."

"Hukuncina ne, Baba. Na ce ba zan sauka a kanta ba sai hannun da na ɓata wa suna ya sauke ni. In kuma an ƙi, in ci gaba da hawa."

"Kai dai akwai taurin kai. Da bayanka ya yi rabin taurin kanka, da ba mu san ka ba."

Dogo ya juya wajen Auta, bai iya haɗa ido ba. "Ki yafe mini. Kujerarki ce abu mafi daɗi da na taɓa zama a kai, na kuma rasa ta da bakina."

Auta ta goge wuƙa a gefen zani. "Da ka shigo ka ce ta yi daɗi, ai da ka ga murmushin da ya fi wanda ka zo nema."

"Wauta ce."

"Babba ma."

"Babba ƙwarai."

Ta juya kai don kada ya ga bakinta ya fara motsi.

Baba ya ɓamɓare tozon ya jefa gefe, ya ɗora ɗanyen soso. "Hau." Dogo ya hau. Baba ya zagaya da alli a hankali, ya zana nan, ya zana can, kamar bai taɓa ganinsa ba. Da ya gama sai ya tsaya, ya yi tambayarsa ta kullum.

"Wa ke zama a baya?"

Keken Umma ya tsaya. Auta ta ji bugun zuciyarta har a kunne.

Dogo ya dubi Baba. "Baba, wannan amsar ba a bakina take ba. Tana hannunka."

Baba ya juya allin a yatsunsa. Ya kalli Dogo, ya kalli wurin bayan da babu zane ko ɗaya, ya kalli 'yarsa ya ɗaga gira. Auta ta sunkuyar da kai, ta gyaɗa shi kaɗan, kaɗan ɗin da uba kaɗai ke gani.

"Auta, ajiye wuƙar nan. Zo ki hau baya in auna."

Gajeren ya yi kabbara. Umma ta saki dariya da kuka a haɗe. Dogo kuwa ya sandare a kan babur, baki buɗe, ido waje, ko ƙiftawa ba ya yi.

"Kai kuma sauka tukuna!" Baba ya daka masa tsawa. "An ɗaura ne? Ji min yaro da zaƙewa!"

Dogo ya diro da sauri har ya manta da ciwon baya. Auta ta hau, fuska a rufe da gefen mayafi, Baba ya zagaya ta da alli. 

"Ka turo manyanka," in ji shi, bai ɗago ba. "Kuma ka buɗe kunne. Kujera ɗaya tak ta taɓa dawowa shagon nan. Wannan da zan ɗora maka a baya, in ta dawo tana kuka, ni da kai ne."

"Ba za ta dawo ba, Baba, sai da safe in na kawo ta aiki."

"Wannan dole ne. Wa zai yi mini yanka?"

Kafin ya kai gida saƙonta ya riga shi.

"Matafiyina, ka nemi inda za ka ɗaure akwatinka. An kama wurinsa."

"Sarauniyar Wuƙa, ko a ka zan ɗauke shi."

Manya suka zo, magana ta yi daɗi, aka sa rana. Ranar ɗaurin aure titin ya yi wa babura kaɗan, kowa a kan yankan amarya, kowa na zaune daram. Ummar ango ta rungume Auta ta ce ta yafe filonta, tun da ga abin da ya jawo mata. Tozon raƙumin kuwa Baba ya rataye shi a saman ƙofar shago, duk saurayin da ya shigo yana satar kallon lungu sai ya nuna masa da alli ya ce, "In kana so, faɗi. Kada ka wahalar da bayanka."

Da za a tafi da ita, Baba ya dafa kanta, ya dafa kafaɗar ango.

"Hanya doguwa ce, kuma ba a rasa rami. Ku zama mai tauri a ƙasa, mai laushi a sama. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a mai gaskiya, ya sa ku tsufa a kujera ɗaya."

Jama'a suka amsa da amin. Auta ta gyara zama a wurin da mahaifinta ya zana kuma hannunta ya yanka, ta riƙe gefen rigar mijinta.

"Yaya kujerar?" ta raɗa masa. "Hagu ko dama?"

"Ko'ina lafiya lau," in ji Dogo. "Wallahi wannan karon gaskiya ce."